Ben's Chili Bowl: gidan abincin da ya ƙi barin titin U

Duk Bahaushen da ya shigo Washinton ya ce a nuna masa gari, Fadar White House ake fara kai shi, sai majalisa, sai gidajen tarihi. Ni kam idan baƙo ya sauka a wurina, nakan ƙara masa da wani ɗan gidan abinci mai lamba 1213 a titin U, jikin gidan wasan Lincoln. Sunansa Ben's Chili Bowl, kuma tun ranar 22 ga Agustan 1958 yake a nan, a cikin ginin da aka yi a 1910 don nuna fim ɗin da ba shi da sauti.

Sana'arsu hot dog ce, wato sosej mai tsawo da ake gasawa a cusa cikin burodi mai laushi. Wanda ya yi musu suna shi ne half-smoke, ya fi na kullum kauri, ana zuba masa mustad da yankakkiyar albasa, sannan a malala masa miyar niƙaƙƙen nama da suke kira chili. Sai dai ɗan'uwa Musulmi ya buɗe kunne a nan: half-smoke na asali haɗin naman sa ne da na alade. Kada ka ga kowa na nuna shi ka ce a ba ka irinsa. Akwai na naman sa zalla, akwai na talo-talo, akwai kuma wanda babu nama ko kaɗan. Ni da nake taka-tsantsan da maganar yanka, na marar naman nake ci, da kwanon chili na wake da ganye, a haɗa mini da soyayyen dankali. Da na tambayi matar da ke kan kanta abin da ke cikin kowanne, ba ta ƙosa ba, ta yi mini bayani dalla-dalla, da alama tambayar ba baƙuwarta ba ce.

Kuma ba abin mamaki ba ne, don wanda ya kafa gidan, Ben Ali, Musulmi ne. Sunansa na yanka Mahaboob, haifaffen Tirinidad ne daga zuriyar Indiyawa, ya zo Amurka karatu, har ya fara koyon aikin likitan haƙori a Jami'ar Howard kafin ya bari. Shi da kansa ba ya cin alade. Matarsa Virginia ma'aikaciya ce a Industrial Bank, bankin baƙaƙen fata da ke kan titin, ta ajiye aikin ta rungumi kasuwar tare da shi. Da dala 5,000 suka fara, kuma 'yan makonni bayan buɗewa aka ɗaura musu aure.

Miyar tana da kauri, launinta ya yi duhu, ƙamshin kayan yaji na bugun hanci tun kafin a kai cokali baki. Amurkawa na cewa tana da zafi. Harshen da ya saba da yajin tsire zai ji ta da sauƙi, amma daɗinta na nan, musamman idan ta jiƙa burodin har ya fara narkewa a hannu. Ba abincin da ake ci da farar riga ba ne. A ɗan kwandon roba ja ake miƙo maka, da takarda a shimfiɗe, sai ka nemi kujera a dogon kantan nan mai kujeru masu juyawa, waɗanda tun na farkon gidan ne. Kaskon gashi na bakin taga, sosej a jere suna tsatsafo da mai, wanda ke wucewa a titi ma yana kallo. Bango kuwa cike yake da hotuna, na mawaƙa, na 'yan siyasa, na mutanen unguwa.

Amma gaskiya ba miyar ce take mayar da ni ba. A shekarun da aka buɗe gidan, wariyar launin fata ba ta gama sakin birnin ba, titin U kuma shi ne zuciyar baƙaƙen fata: bankinsu, silimarsu, wuraren kiɗansu. Manyan mawaƙan jaz irin su Miles Davis da Ella Fitzgerald sukan biyo nan idan sun tashi daga wasa. A 1963, lokacin babban tattakin neman 'yanci da Martin Luther King ya yi jawabi, gidan ya ciyar da mahalarta. Sai ga Afrilun 1968. Aka harbe King, unguwar ta kama da wuta, shaguna suka ƙone, hukuma ta sa dokar hana fita. Stokely Carmichael, tsohon jagoran ƙungiyar ɗalibai ta SNCC mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya nemi a bar wannan gida a buɗe, aka kuma bari. A kanta ɗaya 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da matasan gwagwarmaya suka riƙa cin abinci, alhali a waje ba sa ga maciji da juna.

Ana yawan ba da wannan labari don yana da armashi. Abin da ya fi burge ni shi ne shekarun da suka biyo baya, waɗanda babu kyamara a cikinsu. Masu hali suka kwashe suka koma bayan gari, 'yan ƙwaya suka mamaye titin a shekarun 1970 da 1980. Sai da Virginia ta daina sayar da kek da sauran kayan zaƙi saboda su ke jawo mashaya. Ana cikin haka aka zo haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka farke titin har bakin ƙofarsu na tsawon shekaru, ciniki ya koma sai leburorin aikin da 'yan tsirarun da suka saba. Ma'aikata suka ragu har saura mutum ɗaya. Duk mai hankalin kasuwa zai ce a rufe a koma inda ake samu. Ba su rufe ba, har tashar ta buɗe a 1991 daura da shagon. A ganina wannan ya fi duk wata kyauta da suka bayar. A unguwar da kowa ya watse, shagon da fitilarsa ke kunne da dare, inda tsoho zai zauna ya sha shayi a gaishe shi da sunansa, hidima ce babba.

Yau unguwar ta canza, haya ta yi tsada, da yawa daga tsofaffin mazauna an ture su gefe, kuma 'yan yawon buɗe ido sun yawaita tun da Barack Obama ya zo cin abinci a Janairun 2009, kwanaki kaɗan kafin rantsar da shi. Ben ya rasu a Oktoban wannan shekarar yana da shekara 82. 'Ya'yansa uku, Sage da Kamal da Nizam, da matansu suka ci gaba da riƙo, sun kafa gidauniya da sunan gidan da ke tallafa wa ƙungiyoyin unguwa, lokacin korona kuma, da su kansu ciniki ya durƙushe, sun riƙa aika abinci ga ma'aikatan asibiti. Na taɓa tarar da Virginia da kanta, ta manyanta sosai, tana bin tebur-tebur tana gaisawa da mutane, wani yaro ya riƙe mata hannu ya ƙi saki, ita kuma ba ta yi gaggawar janyewa ba.

Idan ka je, ka leƙa lungun da ke gefen ginin, wanda birni ya raɗa wa suna Ben Ali Way. Zanen da aka yi a bangon a 2017, mai fuskokin Obama da matarsa, da Muhammad Ali, da Harriet Tubman mai fafutukar 'yantar da bayi, aikin Aniekan Udofia ne, wanda ya tashi a Najeriya. Ka guji tsakar ranar Asabar idan ba ka son dogon layi, ranakun aiki da la'asar sun fi sarari. Suna da rassa a filin jirgin saman Reagan da filin wasan ƙungiyar baseball ta Nationals, amma idan da hali na titin U za ka nufa.