Agogon Baba da dattijon da ya gyara min shi a Garwa

Wata uku kenan da karɓo agogona daga wajen mai gyara, shi yasa nace bari in faɗi abin da na gani tunda yanzu na gwada shi sosai. Seiko 5 ne atomatik, na Baba ne Allah ya jiƙansa, daga Makka ya zo da shi, har ranakun sati da Larabci suke fitowa. Ba ya cin batir, motsin hannu ne ke masa wani, in ka cire ka ajiye yana kai awa 40 kafin ya tsaya.

Dab da azumi ya fara gudu, minti biyar shida a rana, wato in ka biye masa sai ka sha ruwa rana ba ta faɗi ba. Na hau moto na kai wa wani dattijo a babbar kasuwa, irin masu zama da ɗan akwatin gilashi ɗin nan. Bai ma buɗe ba sai yace ɗana, ina kake ajiye shi da dare? Nace a kan rediyo, kusa da waya. Yayi dariya ya ɗauko kamfas ya kara a jikin agogon, wallahi sai ga allurar tana juyawa. Ashe laifina ne, maganaɗisun sifika ne ya kama wata siririyar waya kamar gashi da ke nannaɗe a ciki, in ta manne da juna sai bugun ya ƙara sauri. Yace irin nawa sau 21,600 yake bugawa a awa, shida a sakan ɗaya, to kaga abu kaɗan ya taɓa shi lissafi ya rikice.

Ya cire maganaɗisun da wata 'yar na'ura, ya wanke ƙurar hunturu ya sa mai. Inda raina ya ɓaci, kwana uku yace min amma sai da ya yi takwas, ranar farko wai babu kuran, wato wutar lantarki, sauran kuma yace kullum sai ya duba ya ɗan taɓa abin daidaita gudun da ke ciki mai alamar + da - ya sake jiran gobe. Na yarda da hujjarsa, amma da ya faɗa tun farko da ban yi ta zirga-zirga a ranar Garwa ba. Sefa 7,000 na biya, ban ga tsada ba.

Abin da ya fi min kuɗin ma amfani shine yadda ya zaunar da ni ya koya min saiti. Ɗan kunnen gefe in ka ja sau ɗaya na kwanan wata ne, sau biyu na lokaci. Nawa tsohon inji ne, 7S26, ko ka ja kunnen tsinken sakan ba ya tsayawa, sabbin masu 4R36 ne ke tsayawa cak. Dabarar itace ka ɗan matsa kunnen baya a hankali kamar za ka mayar da lokaci amma kar ka murɗa, sai tsinken ya daskare, ka riƙe shi haka kana kallon agogon waya, yana cika daidai ka saki ka danna. Ya fi kamawa da safe kafin ka ɗaura, lokacin wanin ya yi sanyi. Na farko sai da na gwada kusan sau goma ina gumi, yanzu kam ko ina hira. Kuma kar ka saita da BBC in ta intanet kake ji, muryar tana zuwa a makare.

Ya kuma ja min kunne kar in canza kwanan wata tsakanin tara na dare zuwa wajen huɗu na asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juyawa, kana iya karya su. Ka kai tsinkaye ƙarfe shida tukuna. Ni dai sau ɗaya na kwafsa, na saita dare a matsayin rana, ina zaune kafin azahar sai naga kwana ya juya.

Yanzu sakan 15 zuwa 20 yake ƙarawa a rana, in na kwantar da shi a gefe kunnen na kallon sama da dare yana ɗan ragewa. Duk Juma'a kafin masallaci nake daidaita shi, shikenan, kuma ko Yola ko Njamena na je ba na taɓawa tunda agogonmu ɗaya ne.

Zan koma wajensa, Asabar ma zan je, don madaurin fatar da ya sayar min gumi ya riga ya cinye shi, na ƙarfe zan sa.