Takardar AUDIT: Tana Ƙirga Abin da Aka Sha, Ba Ta Tambayar Dalili

Na daɗe ina amfani da takardar tambayoyin AUDIT, wadda ake tantance shan barasa da ita, wajen tattaunawa da matasa masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da ita a 1989, tana da tambayoyi 10, kowacce makinta bai wuce 4 ba, jimilla 40, kuma wanda ya kai maki 8 ana ɗaukar shan barasarsa ya shiga haɗari. Kyauta ce, ana gama ta cikin 'yan mintoci, wanda kuma yake gaggawa zai iya tsayawa a tambayoyi uku na farko da ake kira AUDIT-C. Ta wannan fuska ba ni da ƙorafi.

Matsalar farko ita ce awo. Takardar tana lissafi da kofi ɗaya mai ɗauke da giram 10 na tsantsar barasa, alhali matashin da ya sha kwalba ɗaya tare da abokai uku bai san rabonsa ba, sai ya yi shiru yana ƙirga yatsu, daga ƙarshe ya faɗi adadin da ba zai ba shi kunya ba.

Babbar damuwata kuwa, babu tambaya ko ɗaya a kan abin da matashin ya yarda da shi game da barasa. Wasu sun yi imani tana rage damuwa ko tana kore kunya, amma mafi haɗari shi ne imanin cewa haɗa ta da maganin rage kaifin cutar guba ne. Wani saurayi da makinsa ya tsaya a 5, wato a takarda lafiya lau yake, sai da hira ta yi nisa ya bayyana mini cewa duk daren da zai sha yakan ajiye maganinsa, a ganinsa kare kansa yake yi. Tsallake magani shi ke ba ƙwayar cutar damar sake yaɗuwa a jini har ta bijire wa maganin, shi ya sa likitoci ke cewa a sha shi ko da an sha barasa.

Ina ba ma'aikatan lafiya shawarar su ci gaba da amfani da takardar AUDIT don tantancewar farko, sai dai ni nakan ƙara tambayoyi biyu a bayan takardar: me matashin yake tsammanin barasa ke yi masa, kuma yaya yake yi da maganinsa a ranar da ya sha.