Yaya, ga labarin Cape Coast da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Hajiya da yara? Ka ce in duba maka ko takalman fatar nan da jakunkuna da huluna za su shiga a bikin mutanen bakin teku, toh na je Cape Coast ta ƙasar Gana da kaina lokacin Fetu Afahye, wanda suke yi duk Asabar ɗin farko ta watan Satumba.

Daga unguwar Nima a Akara na wuce tashar Kaneshie, nan ake samun motocin yamma. Tafiyar wajen kilomita 150 ce daga Akara, amma cunkoson Kasoa kaɗai sai ya cinye maka safiya. Abin da zan yaba musu, in ka yanki tikiti kujerarka taka ce, ba wanda zai cusa maka mutum na biyu a gaba ya ce ku yi maleji. Kuɗi kuma kusan komai MoMo, wato tura kuɗi ta waya, har mai sare kwakwa a bakin ruwa lambarsa na rubuce jikin baro, ka tura ya ji ƙarar waya shi kenan, ba zancen neman mai POS.

Abinci kam a nan na daɗe. Kafin ka shiga gari akwai Yamoransa, mata sun jera dokunun Fante a bakin titi, naɗe da busasshen ganyen ayaba, ya fi na Akara tsami da tauri kuma yana kwanaki bai lalace ba. Ana ci da soyayyen kifi da shito, wani baƙin yaji ne da ake soyawa da mai da garin kifi. Kifin fa Yaya ba irin na ƙanƙara da muke saye a kwali ba ne. Na leƙa Elmina, wani gari kusa da Cape Coast, da sassafe, jiragen katako fenti kala-kala suna shigowa ta bakin tafkin Benya, mata da manyan bahon alminiyam suna ciniki da ihu, kifin ma bai gama motsi ba an zuba shi a wuta, can gefe kuma hayaƙin banda ya turnuƙe unguwa har kayanka sai sun ɗauki ƙauri. Daga Yuli zuwa Satumba ne lokacin da ƙananan kifin nan suke yawa, sai ka ga araha kamar a ba ka kyauta. Ran Talata dai ba a shiga teku, al'adarsu ce, ranar gyaran koma kenan. Akwai wata miyar kifi da manja da suke kira Fante Fante, wallahi ta yi, ƙaguwa ce dai har yau na kasa.

Amma nama, a nan muka fi su nesa ba kusa ba. Tsiren da suke ce wa cicinga mutanenmu ne ke gasawa, ɗan tsinke ɗaya in ka juya sidi, kuɗin Gana, zuwa naira sai ka ji ciwon kai, dalili shanun daga arewa da Burkina ake kawo su, albasa daga Nijar, tumatir ma da yawa na Burkina ne. Ɗakin kwana kuma lokacin biki kowa ya ninka kuɗi, inda na sauka fanka na aiki wuta ba ta ɗauke ba amma ruwa da bokiti aka kawo min. Bakin tekun shi kansa, inda otal ke karɓar kuɗin shiga a share yake tas, inda ba a biya leda da robobi ne ko'ina, kuma ruwan yana da ƙarfin ja, ni iyakata idon sawu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suke sayar da tarihinsu. Akwai tsofaffin gine-ginen Turawa a bakin teku, na Elmina Turawan Fotugal suka yi shi a 1482, na Cape Coast kuma har Obama ya zo a 2009. Ɗan ƙasa kuɗinsa daban baƙo daban, a ba ka rasit, a haɗa ku da mai bayani ya kai ku ɗakunan ƙasa inda aka tsare bayi, duhu ba taga sai 'yar kafa, ya nuna muku ƙofar da in an fita ba dawowa. Na ga baƙaƙen Amurka suna kuka a wurin. Sai na tuna marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, tsakaninsu 'yan shekaru ne fa, amma wa ke tsaye a can da rasit da bayani?

Bikin kuwa, Juma'a gari ya cika da matasa cikin kaya ruwan lemo ana kiɗa ana bin titi, ni na shige zangon Kotokuraba na yi sallah na huta, don akwai sha da yawa, su kuma yanke-yanken gargajiyarsu ban je kusa ba. Asabar aka fito da sarakuna a kan makarar sarauta, ƙarti na ɗauke da su a ka ana juya manyan laimomi, rundunonin Asafo bakwai, wato mayaƙan gargajiyar garin, kowa da tutarsa da bindigogin toka, har filin Victoria Park. Doki ko ɗaya babu. Wanda ya taɓa ganin hawan Daushe ba zai ruɗe ba, sai dai su sun iya tallar nasu.

Toh maganar kaya. Huluna kar ka wahalar da kanka, sai a zango, can ɗin ma 'yan Kumasi sun riga mu. Takalma da ƙananan jakunkuna su baƙin nan ke ɗauka a shagunan gefen ginin Turawan nan na Cape Coast, musamman tun shekarar 2019 da Gana ta yi gangamin kiran jikokin bayi su dawo. Matsalar iskar teku ce, wani mai shago ya nuna min jakar da ta yi funfuna zif ɗin ya yi tsatsa, don haka a zaɓi fata mai kyawun jima, marar ƙarfe da yawa, a naɗe kowace daban. Ka fara da kaɗan ta hannun direbobin Aflao, garin iyakar Gana da Togo, su iso kafin Disamba lokacin da baƙi suka fi yawa. Ka gaida Hajiya, ka ce mata goronta na hanya.