Murhun gashi da hayaƙi: mai bututu a ƙarshe ko mai juyo da hayaƙi?

Murhun da Amurkawa ke kira offset ganga ce kwance, da akwatin wuta a gefenta. Wuta ba ta taɓa naman. Zafi da hayaƙi ne ke gasa shi sannu a hankali, tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyos. Masu matsakaicin farashi, irin su samfurin Highland na kamfanin Oklahoma Joe's, iri biyu ne.

Na farko bututun fitar hayaƙinsa yana can ɗaya ƙarshen, nesa da akwatin wuta. Iska na ratsawa da sauri, shi ya sa bayan naman ke yin ɓawo mai duhu, irin na ƙirjin sa da ake gasawa a Texas. Aibinsa, kusa da akwatin wuta zafi ya fi yawa, in ba a sauya wa naman wuri ba gefe ɗaya zai ƙone. Tasar ruwa a wurin tana ragewa.

Na biyu yana da farantin ƙarfe ƙarƙashin ragar da ake ɗora nama. Hayaƙi zai bi ta ƙasa har ƙarshe, ya juyo ta kan naman, ya fita ta bututun da ke ɓangaren wuta. Zafinsa ya fi daidaito, sai dai yana jinkirin ɗauka, kuma kitse na daskarewa a farantin, dole a kankare bayan kowane gashi.

Mai koyo ya ɗauki na biyu. Amma ya duba kaurin ƙarfe tukuna: milimita 6 na riƙe zafi, ƙasa da 3 kuwa ƙarin itace ba ya ƙarewa. Ya rufe murfin ya bi gefensa da ido, in akwai kafa hayaƙi zai zurare, sai an liƙa masa igiya mai jure wuta.