Gargaɗi: Mai Sayar da Tsohon Kwanson Harsashi da Sunan "Harbi Ɗaya"

'Yan'uwa masu sake cika harsashi da hannunku, ku taimaka ku isar da wannan ga duk wanda ya sa wa bindigarsa sabon bututu, domin irinmu wannan macucin yake farauta.

Da na canja bututun bindigata ta .308 Winchester, kwanson da na daɗe ina amfani da shi ya ƙi zama. Ba abin mamaki ba ne. Tagullar kwanso idan ta sha wuta takan kumbura ta ɗauki siffar mazaunin da aka harba ta a ciki, wato gurbin harsashi a gindin bututu, ni kuma wuyan kwanson kaɗai na saba matsewa. Sabon mazaunin ya fi tsohon tsukewa, sakatar da ke kulle harsashi a ciki ta ƙi rufuwa. Ina cikin wannan hali na ci karo da talla a intanet: kwanso harbi ɗaya, an wanke, an matse, wai zai shiga kowace bindiga. Na tura kuɗi.

Kaya sun iso suna ƙyalli kamar sabbi. Sai da na zauna da ma'auni na gane goge su kawai aka yi. Tambarin gindinsu ma ba iri ɗaya ba ne. An cakuɗa da na soja, 7.62x51, wanda jikinsa yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, don haka awon albarushin da ka saba da shi zai iya tayar da matsin da ya wuce kima. Akwai masu huda biyu a gindi maimakon ɗaya a tsakiya, wato samfurin Berdan, ɗaya daga cikinsu ya karya mini allurar cire maƙyastin gindi, wato ɗan abin da ke kunna albarushi. Wasu kuma ramin maƙyastin ya saki har da ɗan yatsa ake tura sabo, alamar sun sha harbi sun gaji.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar nan ta "zai shiga kowace bindiga". Gaskiya ya faɗa, kuma nan haɗarin yake. Matsewa ta ƙa'ida ita ce ka tura kafaɗar kwanso, wato inda jikinsa ke tsukewa zuwa wuya, baya kaɗan, kamar inci 0.002, gwargwadon mazaunin bindigarka kai kaɗai. Shi kuwa ya danne kafaɗun sosai don kada wani ya dawo masa da ƙorafin sakata ta ƙi rufuwa. Kwanson da aka yi wa haka yana zama da rata a mazauni. Da an ja kunama, allurar bindiga ta tura shi gaba, jikinsa ya kumbura ya kama bango, gindin kuma ya miƙe baya don cike ratar. Daidai saman gindin tagullar take sirancewa, wata rana ta tsinke gida biyu. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsashi ta Amurka, ta ƙayyade wa .308 shi ne psi 62,000, kuma fuskarka tana bayan wannan sakatar. Idon mutum ba shi da na canji.

Na lanƙwasa bakin siririyar waya na zura cikin kwanson ina karta bangon daga ƙasa. A da yawa daga cikinsu wayar ta faɗa wani kwari da ya zagaye cikin. Kwanson harbi ɗaya da wuya ya yi haka. A waje kuma gugar da aka yi ta ɓoye farin zoben da kan bayyana inda tagullar ta sirance, wanda ya kamata ya fallasa shi.

Na rubuta masa, ya ce bututuna ne ke da matsala. Da na tura hotuna sai ya toshe ni. Bayan 'yan kwanaki na sake ganin hotunan tallar nan, su ɗin dai, a ƙarƙashin wani sunan daban.

Idan kun riga kun saya, kada ku zuba albarushi tukuna. Ku rarraba bisa tambari, ku haska fitila ku ƙirga hudar gindi, ku yi gwajin waya, sannan ku auna kafaɗa ku kwatanta da kwanson da aka harba a sabon bututunku. Duk wanda ya nuna kwari, ku murƙushe bakinsa da filaya kafin ku jefar, kada wani ya tsinta ya cika.