SemVer ko CalVer: wane tsari za ka bi wajen sa wa tag suna?

Kafin ka buga tag na farko (alamar da ake sa wa kowace fitarwa ta manhaja) a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinka, ka tambayi kanka wa zai karanta shi, mutum ko na'ura. Amsar ita ce za ta zaɓa maka tsari.

In laburare kake rubutawa wanda wasu manhajoji za su dogara da shi, ɗauki SemVer (Semantic Versioning), tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta. Lambobi uku ne, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe tana ƙaruwa in gyaran kuskure aka yi, ta tsakiya in an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsohon ba, ta farko kuwa sai in canjin zai karya aikin masu amfani da shi. npm da Cargo, kayan aikin sauke laburare a harsunan JavaScript da Rust, da wannan alkawari suke sabunta laburare kai tsaye, don haka in ka saki canji mai karyawa a matsayin 2.4.2, aikin mutane zai tsaya ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Nauyinsa ke nan: kowace fitarwa sai an zauna an yanke hukunci. Muddin lambar farko 0 ce, babu alkawarin komai.

CalVer (Calendar Versioning) da kwanan wata yake aiki. Ubuntu 24.04 na nufin Afrilun 2024. Ya fi dacewa da manhajar da mutane ke saukewa su yi amfani da ita, domin da kallo ɗaya za a san ko ta tsufa. Amma ba ya faɗin ko wani abu ya karye, kuma sifilin da ke cikin 04 haramun ne a dokar SemVer, kayan aikin da ke bin dokar za su ƙi shi.

Batun harafin v a gaba, wato v2.4.1, ba na son rai ba ne kullum. Harshen rubuta manhaja na Go ba ya gane tag in babu shi, kuma daga v2 zuwa sama dole a ƙara /v2, /v3 da sauransu a adireshin modul ɗin, wato laburaren. Umarnin npm version ma da kansa yake sa shi. Gara ka sa, ko ba komai zai bambanta tag da sunan reshe (branch). In sunansu ya zo ɗaya, Git kan yi gargaɗi ya ɗauki tag ɗin. Salon REL_16_1 na manhajar PostgreSQL gadon zamanin CVS ne, tsohon kayan aikin da ya gabaci Git, wanda bai yarda da ɗigo a suna ba. Sabon aiki ba ya buƙatarsa.

Akwai tarkuna da ba su bar kowane tsari ba. Git yana jera tag bisa haruffa, shi ya sa v1.10.0 ke zuwa kafin v1.9.0; git tag --sort=v:refname ke gyara wannan. Alamar + da SemVer ya halatta, Docker, kayan aikin ƙunshe manhaja, ba ya karɓarta a tag ɗinsa. Yi tag da git tag -a, domin git describe yana tsallake wanda aka yi ba da shi ba sai an ƙara --tags. Kuma git push kaɗai ba ya tura tag, sai ka ambaci sunansa.

Tag ɗin da aka riga aka tura, kada a matsar da shi. Wanda ya sauke tsohon, git fetch ba zai maye masa da sabon ba, Go kuwa zai ga sa hannun fayilolin ya saɓa ya ƙi ci gaba. In an yi kuskure a v2.4.1, fitar da v2.4.2.