Bayan ka gyara wilin motarka: abin da za ka saya don fentin ya yi sumul

Ka cike inda ya ƙarje da foti, ka fesa fenti, ka bar shi ya kwana. Gari ya waye ka shafa hannu, sai ka ji kaushi kamar ɓawon lemu, ga ƙura ta maƙale, ga inda fenti ya tsiyaya ya daskare kamar hawaye. A nan ne mutane da yawa ke rugawa su sayo injin goge. Ni dai shawarata, a jingine zancen inji tukuna, domin ba shi ne gaba ba.

Kiliya ce gaba, wato ruwan nan garai-garai da ake fesawa a kan launi. Ita za ka gurza, ita za ta yi sheƙi. A gwangwanin feshi iri biyu ce. Mai alamar 1K tana bushewa ne idan sinadarin da ya tsinka ta ya bi iska. Ta fi araha da sauƙin aiki, amma tana da taushi, fetur ko maganin wanke wili mai ƙarfi na iya dusashe ta, kuma sai ta yi kwanaki, wani lokaci mako guda, kafin ta jure wa sanfefa. Mai alamar 2K kuwa akwai maɓalli da ake dannawa a gindin gwangwanin, ya saki sinadarin da ke sandarar da ita. Da zarar ka danna, kwana biyu ko ƙasa da haka gare ka, daga nan ta lalace a ciki. Wili yana shan zafin birki da ƙurarsa da tsakuwar hanya, don haka 2K nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Sai dai tururinta yana illa ga huhu sosai. Takunkumin masu fenti na gaske za ka saya tare da ita, ba na ƙyalle ba, kuma a fili mai iska za ka yi aikin.

Sai sanfefa. Nemi wadda ake jiƙawa da ruwa, ka juya bayanta ka duba lamba mai harafin P. Yawan lamba, yawan laushi. P400 zuwa P800 na foti ne da fentin shimfiɗa, kada su kusanci kiliya. Abin da kake buƙata a nan P1500, P2000 da P3000 ne, bi da bi. Akwai ta takarda, akwai mai bayan soso irin su Mirka Abralon da 3M Trizact. Mai soso ta fi tsada, amma tana lanƙwasa ta bi lungunan wili ba tare da ta bar shatin yatsu ba. Inda ta gaza shi ne wurin hawayen fenti: taushinta yana sa ta hau tudun ta sauka, ba ta baje shi. Nan sai ka naɗe takardar P1500 a jikin ɗan katako kamar girman akwatin ashana, ka riƙa cin kan tudun kaɗai. Saboda haka sayi 'yan fallayen takarda, da mai soso ko da guda biyu.

Yayin gurzawa ka zuba ido a kan ruwan da ke gangarowa. Muddin fari ne kamar tsinkakken nono, kiliya kake ci. Ka ga launi a jikin sanfefa, to ka huda, sai sabon feshi. Gefuna da kusurwoyi ne suka fi saurin hudewa, domin fenti ba ya taruwa a kansu. Manna musu salatif.

Man gurza da man sheƙi ba abu ɗaya ba ne. Na farko, irin su Farécla G3 ko Meguiar's Ultimate Compound, yana cire zanen da sanfefa ta bari. Na biyu yana kawar da hazon da na farko ya bari. A wili mai ruwan azurfa, man gurza mai kyau yakan wadatar idan ka kai P3000. Baƙin wili kuwa ba ya rufa asiri, sai ka haɗa biyun. Wanda nake gudu shi ne mai alƙawarin komai da ruwanka a kwalba ɗaya, don galibi cike zanen yake yi da maiƙo, bayan wanki biyu ko uku su dawo. Ƙaramar kwalba ta mililita 250 ta ishi wili huɗu har da saura.

Yanzu zancen inji. Babban injin goge jikin mota ba ya shiga tsakanin ƙafafun wili. Idan wuri ɗaya ka gyara, hannu da tsumma mai laushi sun isa, gumi ne kawai. Idan wili huɗu ne, sayi sosunan milimita 75 da ake ɗaurawa a bakin injin huda, ka tafi a hankali, kada ka tsaya wuri guda har ya yi zafi.

Kakin kariya kuma kada ka yi gaggawar sayensa. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tururi, a ba shi kamar wata guda, ana wanke shi da ruwa da sabulun mota kawai.